Tarihin Dakta Christiaan Barnard, Likitan Da Ya Fara Dashen Zuciyar Ɗan Adam

Cikin likitocin fiɗa da aka yi a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda sunansa ya game duniya cikin dare ɗaya kamar Dakta Christiaan Neethling Barnard, Bature ɗan ƙasar Afirka ta Kudu. Shi ne wanda ran Lahadi 3 ga watan Disamba, 1967, ya cire zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe, ya dasa ta a ƙirjin wani ɗan kasuwa a asibitin Groote Schuur da ke birnin Cape Town. A lokacin nan ƙasarmu tana tsakiyar yaƙin basasa, hankalin jama'a yana wani wuri dabam, amma a sauran ƙasashe babu zancen da ake yi sai wannan. Mutumin da aka yi wa dashen bai wuce kwana 18 a duniya ba. Duk da haka tambayoyin da aikin ya tayar, watau yaushe ne za a ce mutum ya mutu, kuma wane ne ke da ikon ba da wani sashe na jikin mamaci, suna nan har yanzu, babu kuwa ɗalibin aikin jinya ko na likita da zai gama karatunsa bai ci karo da su ba.

An haifi Barnard ran 8 ga watan Nuwamba, 1922, a wani ƙaramin gari mai suna Beaufort West, cikin busasshiyar ƙasar nan da ake kira Karoo. Ubansa, Adam Barnard, malamin coci ne, amma cocin da yake yi wa hidima na mutanen nan ne 'yan ruwa biyu, waɗanda Turawan ƙasar suka ware daga cikinsu. Saboda haka albashinsa kaɗan ne, kuma 'yan'uwansa Turawa ba su ganin gidansa da daraja. Uwar, Maria, ita ce mai kaɗa ogan a coci, mace ce mai tsanani wajen karatun 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, Abraham, ya rasu tun yana ƙaramin yaro saboda ciwon zuciya. Ƙanensa kuma, Marius, shi ma likitan fiɗa ya zama, yana kuwa tsaye kusa da wansa a daren da aka yi dashen farko.

Bayan ya gama makarantar sakandare a 1940 sai ya shiga Jami'ar Cape Town, ya fito likita, ya yi aikin koyo a Groote Schuur, sa'an nan ya koma wani gari mai suna Ceres yana duba marasa lafiya. A 1948 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Aletta Louw, suka haifi 'ya'ya biyu. Zaman ƙauye bai karɓe shi ba, don haka a 1951 ya komo Cape Town, ya kama aiki a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa, inda ya yi bincike a kan irin sanƙarau ɗin nan da ƙwayar tarin fuka ke haddasawa, har ya sami digirin dakta a kansa a 1953.

Aikinsa na farko da ya jawo hankalin manyan likitoci bai shafi zuciya ba. Akwai jarirai da akan haifa da hanji a toshe, da yawansu kuwa mutuwa suke yi ko da an yi musu fiɗa. Barnard ya yi ta gwaji a kan 'yan kwikwiyo tun suna cikin uwarsu, har ya nuna cewa rashin isar jini zuwa wani yanki na hanjin tun a ciki shi ke kawo toshewar. Abin da wannan ya koya wa likitoci shi ne, in za su gyara, to su yanke har da ɓangaren hanjin da ke kusa da wurin, wanda jini bai ishe shi ba, kafin su haɗa bakin biyu. Jariran da wannan bincike ya ceta sun fi waɗanda ya yi wa dashen zuciya yawa nesa ba kusa ba, amma da wuya mai karatu ya ji ana ambatonsa.

A ƙarshen 1955 ya tafi Amurka, Jami'ar Minnesota, ƙarƙashin Farfesa Owen Wangensteen. Can ya tarar da Walton Lillehei da mutanensa suna buɗe zuciya suna gyara ta, da taimakon wata na'ura wadda takan karɓi aikin zuciya da huhu, ta riƙa zagaya da jini tana sa masa iska har a gama. Tun daga ran da Barnard ya ga wannan na'ura hankalinsa ya bar hanji ya koma zuciya. Cikin abokan zamansa a Minnesota akwai wani Ba'amurke mai suna Norman Shumway, wanda za mu sake gamuwa da shi a gaba. A can ne kuma aka gane yana da ciwon amosanin gaɓoɓi, wanda ba ƙaramar masifa ba ce ga mutumin da yatsunsa ne jarinsa. A 1958 ya komo gida da digiri biyu da kuma irin na'urar nan guda ɗaya, ya kafa sashen fiɗar zuciya a Groote Schuur da asibitin yara na Red Cross. A 1960 ya je Masko ya ga Vladimir Demikhov, Barashen nan da ya daɗe yana gwajin dashen sassan jiki a kan karnuka.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi inda ilmin dashe ya kai kafin Barnard ya sa hannu, domin jaridu sun saba ba da labarin kamar shi kaɗai ya ƙago abin. Tun farkon ƙarnin Alexis Carrel na Faransa ya nuna yadda ake ɗinke jijiyoyin jini baki da baki, aka ba shi kyautar Nobel a 1912. Peter Medawar na Ingila ya bayyana dalilin da ya sa jiki yake ƙin abin da aka dasa masa: garkuwar jiki takan ɗauki baƙon sashe tamkar ƙwayar cuta, ta far masa har ta kashe shi. A watan Disamba na 1954 Joseph Murray ya dasa ƙoda a birnin Boston tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, ta kuwa zauna, saboda jikinsu tamkar jiki ɗaya ne. Game da zuciya kuwa, Shumway da abokinsa Richard Lower sun shafe shekaru a Jami'ar Stanford suna gwaji a kan karnuka, tun 1960 suka buga bayanin hanyar da ake bi. A 1964 James Hardy ya dasa wa wani mutum zuciyar biri a Mississippi, mutumin bai kai sa'a biyu ba. A 1966 Barnard ya yi wata uku a Richmond ta jihar Virginia yana koyon dashen ƙoda da magungunan danne garkuwar jiki wurin David Hume, a can kuma ya ga Lower yana dasa wa kare zuciya. Da ya komo, a watan Oktoba na 1967 ya dasa wa wata mata ƙoda, ta rayu fiye da shekara 20.

To, me ya hana Amurkawa, waɗanda suka fi shi daɗewa a kan aikin, su riga shi? Babban dalili shi ne shari'a. Zuciyar da za a dasa tilas ne ta kasance lafiyayya, ba ta daɗe da tsayawa ba. A Amurka a wancan zamani ba a ɗaukar mutum ya mutu sai zuciyarsa ta daina bugawa, likitan da ya taɓa ta kafin nan yana iya samun kansa a gaban alƙali da laifin kisankai. A Afirka ta Kudu kuwa doka ta bar maganar tabbatar da mutuwa a hannun likitoci.

Majinyacin da aka zaɓa sunansa Louis Washkansky, Bayahude ne haifaffen Lituweniya, mai sayar da kayan masarufi, shekarunsa sun haura 50. Yana da ciwon sukari, zuciyarsa ta kumbura ta kusa daina aiki, ƙafafunsa sun cika da ruwa, babu sauran wani magani da za a yi masa. Shugaban sashen ciwon zuciya na asibitin, Farfesa Velva Schrire, ya ba da shawara cewa zuciyar farko ta fito daga jikin Bature, don kada duniya ta ce Turawan Afirka ta Kudu suna gwaji da baƙar fata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin ƙasar da ake aikin a cikinta.

Ran Asabar 2 ga watan Disamba da rana, wata budurwa 'yar shekara 25, Denise Darvall, tana ƙetare titi tare da uwarta a kusa da asibitin, sai mota ta kaɗe su. Uwar ta rasu nan take. Ita kuwa Denise ƙoƙon kanta ya fashe, likitocin ƙwaƙwalwa suka duba suka tabbatar babu sauran rai a ƙwaƙwalwar, na'ura ce kawai ke hura mata numfashi. Aka je wurin ubanta, Edward Darvall, mutumin da ya rasa matarsa 'yan sa'o'i kaɗan da suka wuce, aka roƙe shi zuciyar 'yarsa da ƙodarta. Ya yarda. A ganina, in ana lissafin jaruman wannan dare, da sunan dattijon nan ya kamata a fara. Ƙodar an kai ta wani asibiti aka dasa wa wani yaro ɗan shekara 10, ɗan ruwa biyu.

Ƙungiyar da ta yi aikin ta kai mutum 30, da likitocin fiɗa, da mai ba da maganin barci, da masu kula da na'urar zuciya da huhu, da sistoci da nas-nas, a ɗakunan tiyata biyu da ke maƙwabtaka da juna. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. Hanyar da Shumway da Lower suka tsara, wadda Barnard ya bi da 'yan gyare-gyare, ita ce a yanke tsohuwar zuciyar a bar bangon baya na ɗakunan sama a wurinsa tare da jijiyoyin da ke shigo da jini, a ɗinka sabuwar a jikinsu, sa'an nan a haɗa manyan jijiyoyi biyu masu fitar da jini zuwa huhu da sauran jiki. An shafe wajen sa'a biyar ana yi. Da asuba aka ba zuciyar ɗan girgizon lantarki, ta kama bugawa. Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba lokacin aikin, hukumar asibitin ma sai da aka gama aka buga mata waya.

Akwai wani abu da ba a bayyana ba sai bayan kusan shekara 40, lokacin da Marius Barnard ya faɗa cewa bayan an kashe na'urar numfashi ba su jira zuciyar Denise ta tsaya da kanta ba, allurar sinadarin fotasiyam aka yi mata ta tsayar da ita, don kada ta lalace. A yau tsayar da zuciyar wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu da irin wannan sinadari shi ne abin da aka saba yi wajen dashe. A 1967 kuwa abu ne da suka ga ya fi kyau su yi shiru a kansa.

Washkansky ya farfaɗo, ya yi magana da matarsa, ya ci abinci, kumburin ƙafafunsa ya sace. Daga nan nauyin ya koma wuyan ma'aikatan jinya, domin don a hana jikinsa ƙin zuciyar an yi ta ba shi magungunan danne garkuwa, har da haska masa wani haske mai ƙarfi, wanda duk aka yi wa haka kuwa ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya kashe shi. Aka keɓe shi a ɗaki, mai shiga sai ya wanke hannu ya sa riga da takunkumi, ana auna zafin jikinsa da bugun jininsa da fitsarinsa dare da rana, 'yan jarida kuwa har bishiya suke hawa don su hango shi. Bayan kamar mako biyu aka ga wani duhu a hoton huhunsa. Likitocin suka zaci alamar ƙin zuciyar ce, suka ƙara masa magungunan danne garkuwa, alhali ciwon huhu ne ya kama shi, ƙarin maganin kuwa ya buɗe wa cutar hanya. Ya rasu ran 21 ga watan Disamba. Da aka binciki gawar aka tarar zuciyar Denise ba ta gaza ba.

Kwana uku bayan aikin Barnard, Adrian Kantrowitz ya dasa wa wani jariri zuciya a New York, bai wuce 'yan sa'o'i ba. Shumway ya yi nasa ran 6 ga watan Janairu, 1968. Amma kafin nan, ran 2 ga Janairu, Barnard ya riga ya yi na biyu, a kan wani likitan haƙori mai suna Philip Blaiberg. Wannan karon zuciyar ta wani saurayi ce ɗan shekara 24, Clive Haupt, ɗan ruwa biyu, wanda jijiya ta fashe masa a ka yana bakin teku. Likitan da aka nema ya tabbatar da mutuwarsa, Raymond Hoffenberg, ya ƙi sa hannu a daren farko saboda ya ga sauran alamar motsi, sai da gari ya waye ya sake dubawa ya ga babu. Shi wannan Hoffenberg gwamnati ta riga ta sa masa takunkumi saboda adawa da wariyar launin fata, ba da jimawa ba ya bar ƙasar. Duniya kuwa ta yi ta mamakin ƙasar da ba ta yarda Haupt ya zauna benci ɗaya da Bature ba, amma ta yarda zuciyarsa ta zauna a ƙirjin Bature. Blaiberg ya koma gida, ya rayu wata 19, ya rasu a watan Agusta na 1969.

Abin da ya biyo baya bai yi kyau ba. A cikin 1968 kaɗai an yi dashen zuciya wajen 100 a ƙasashe dabam-dabam, da yawa a asibitocin da ba su da shirin kula da majinyaci bayan fiɗa, akasarin waɗanda aka yi wa kuwa ba su kai wata uku ba. A Japan aka zargi likitan da ya yi na farko, Juro Wada, da kisankai, ko da yake ba a gurfanar da shi ba, ƙasar ba ta sake dashen zuciya ba sai 1999. A Virginia dangin wani baƙar fata da aka cire zuciyarsa ba tare da an same su ba suka kai Lower ƙara. Cikin wannan ruɗani ne, a watan Agusta na 1968, wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fitar da sharuɗɗan gane mutuwar ƙwaƙwalwa. Bambancin da ɗalibin jinya ya kamata ya riƙe shi ne, wanda ya yi dogon suma ƙwaƙwalwarsa tana da sauran aiki, yana iya farfaɗowa, shi kuwa wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ba ya numfashi da kansa, ƙwayar idonsa ba ta amsa haske, kuma ba ya komowa. Ƙa'idar da aka kafa tun daga lokacin ita ce, likitocin da za su tabbatar da mutuwar kada su kasance cikin masu yin dashen.

Yawancin asibitoci suka janye, Shumway da Barnard da wasu 'yan kaɗan suka ci gaba. Daga 1967 zuwa 1974 an yi dashen zuciya 10 a Groote Schuur. Dorothy Fischer, wadda aka yi wa a 1969, ta rayu fiye da shekara 12, Dirk van Zyl kuwa na 1971 ya haura shekara 23. A 1974 Barnard ya fito da wata dabara ta barin tsohuwar zuciyar a wurinta a ɗora mata sabuwa ta riƙa taimakonta. A 1977 ya gwada zuciyar gwaggon biri da ta wani birin, ba a dace ba. Abin da ya farfaɗo da dashen zuciya a duniya shi ne maganin cyclosporine, wanda kamfanin Sandoz na Suwizalan ya samo daga wani naman gwari, aka amince da shi a Amurka a 1983. A shekarar nan ce kuma amosanin gaɓoɓi ya tilasta wa Barnard ajiye wuƙa.

Game da halinsa, masu yabo da masu suka duk suna da abin faɗi. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da tsananin kula da majinyaci, musamman yara, sun kuma shaide shi da zafin rai da faɗa a ɗakin tiyata. Shahara ta ɗauke shi: ya gana da Fafaroma Paul na 6 da Shugaba Johnson na Amurka, ya shiga sahun taurarin sinima, aurensa na farko ya mutu a 1969, ya sake aure sau biyu duka suka mutu. A 1986 ya ba da sunansa ga tallan wani man shafawa mai suna Glycel da aka ce yana hana tsufa, abin da ya zubar masa da mutunci a idon likitoci. Ta fuskar siyasa ya soki dokokin wariya a bainar jama'a, amma kuma ya yi ta kare ƙasarsa a ƙasashen waje, gwamnatin John Vorster kuwa ta ci moriyar sunansa ƙwarai wajen wanke kanta. Ba a ba shi kyautar Nobel ba, Murray ne ya samu a 1990.

Akwai kuma maganar Hamilton Naki, baƙar fata wanda ya fara da aikin lambu a jami'ar, ya koma ɗakin gwajin dabbobi, ya ƙware wajen fiɗa har yana koya wa ɗaliban likita, alhali bai yi zurfi a boko ba. Da ya rasu a 2005 wasu manyan jaridu suka rubuta cewa shi ya cire zuciyar Denise Darvall, daga baya suka janye maganar, domin ba ya cikin ɗakin a daren. Gaskiyar labarinsa ta ishe shi: mulkin wariya ya hana mai irin wannan hannu zama likita, sai a 2003 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa.

Tambayoyin da daren nan ya tayar sun iso har wajenmu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna mutuwar ƙwaƙwalwa a zamanta na Amman a 1986, a zaman Jidda na 1988 kuma ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ciki har da izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, tare da hana saye da sayarwa. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana cinikin sassan jikin ɗan Adam. Ƙoda dai mai rai yana iya ba da guda ya rayu da guda, haka ma wani yanki na hanta, amma zuciya sai daga mamaci, kuma galibi ba ta jure fiye da sa'a 4 zuwa 6 a wajen jiki. Dangin majinyaci kuwa sau da yawa nas ɗin da ke bakin gado suke fara yi wa irin waɗannan tambayoyi kafin su ga likita.

Bayan ya bar aiki Barnard ya yi 'yan shekaru yana taimakon kafa sashen dashe a wani asibiti a Oklahoma, ya rubuta littattafai, ya kafa gidauniyar taimakon yara marasa galihu. Ya rasu ran 2 ga watan Satumba, 2001, yana hutu a garin Paphos na tsibirin Kubrus, yana da shekara 78. Labarin farko da ya bazu shi ne ciwon zuciya ne ya kashe shi, amma binciken gawa ya nuna ciwon asma ne ya shaƙe shi. Ɗakunan tiyata biyun nan na Groote Schuur an mai da su gidan tarihi, an jera kayan aikin yadda suke a daren 3 ga Disamba, 1967.